Gwafar da Aka Shafa wa Jan Fenti

Amasa Tibbets ne ya kashe Torsten Ekwall. A rubuta shi haka, kada wani ya sassauta. Ya kashe shi ranar wata Asabar cikin Satumban 1903, a filin sukuwa na garinmu Dunmore Falls, a gaban mutum ya fi dubu biyu, kuma bai taɓa shi da ko ɗan yatsa ba. Da ya gama da ɗan sai ya juya kan uban, shi kuwa shekara shida ya ɗauka yana kashe shi a hankali. Yanzu wai 'yan majalisar gari za su sa wa titin masana'anta sunansa. To kafin su kafa allon, su nemi wuri su zauna su ji abin da aka yi wa gidan Hulda Ekwall.

Gottfrid, mijin Hulda, mai haɗin tagulla ne a masana'antar keke ta Tibbets. Shi ke cusa bututu cikin gaɓa, ya ɗora a wuta har ƙarfen ya yi ja, ya narka tagulla ta bi ta cike ko'ina. Mutum ne mai ƙarancin magana, girarsa duk wuta ta lashe, Turancinsa kuma har ya mutu bai miƙe ba. Amma a aiki babu na biyunsa. A sana'ar, kowane mai haɗi yana da tambarinsa, ɗan guntun ƙarfe da yake bugawa a ƙasan duk abin da ya fita daga hannunsa. In keke ya karye a hanya aka dawo da shi, ba a gardama, sai a juya a duba a kira mai shi. Na Gottfrid ɗan kifi ne, don tunawa da ƙauyensu na bakin teku a Suwidin. Shekara goma sha ɗaya yana bugawa, ba a taɓa kiran sa ba. Abokan aikinsa 'yan Ayalan har tsokanarsa suke, wai kifin Gottfrid in ya fita ba ya sanin hanyar gida.

A shekarun da ƙasar nan ta haukace da keke, fasto na hawa, malamar makaranta na hawa, har mai yi wa gawa akwati na hawa, Gottfrid ba ya haɗa komai sai gwafa, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba. Sai rana ɗaya haukar ta warke. Aka wayi gari babu mai sayen keke. Gwafa ɗari uku da wani abu, baƙaƙe wuluk, kowace da kifinta, aka kwashe aka rataye a ɗakin ajiya na saman bene, suka zauna suna shan ƙura.

Sai Tibbets ya tafi wani baje koli a New York, ya dawo da inji a cikin akwatin katako, bai fi babbar butar shayi ba. Ya ce za a ɗaura shi a cikin keke, a sa masa bel na fata zuwa tayar baya, mutum ya zauna abin ya kai shi inda za shi. Ma'aikata suka yi dariya har da riƙe ciki. Wannan ya ce keken ragwaye, wancan ya ce ai tsohon maigida ya gaji da sayar da keke zai koma sayar da tari. Da aka tayar da shi a tsakar masana'anta, dokin mai kawo gawayi ya tsinke ya shiga da keken dokin cikin shinge. Sunan da aka laƙa wa abin ke nan, Mai Tari, tun kafin a san za a kira irinsa babur.

Kwana tara da fara gwaji gwafar ta tsage. Allah ya sa a hankali ake tafiya. Gottfrid ya ɗauke ta ya je har ofis, hularsa a hannu.

"Maigida, wannan don ƙafar mutum na yi ta," in ji shi. "Ƙafa tana gajiya ta huta. Wannan abin naka ba ya hutawa. Dukan ta yake kamar guduma, daga safe har yamma."

Tibbets ya ce to ya yi wadda za ta ɗauka. Gottfrid ya yi. Ya cusa wani bututu a cikin bututun, ninki biyu tun daga wuya har rabin ƙafa, ya haɗe su da tagulla. In ka dube ta daga waje ba ka bambanta ta da tsohuwar, sai ka ɗaga ka ji ta fi nauyi. Saboda haka shi da kansa, da bakinsa, ya roƙi a raba musu launi don kada wata rana a yi kuskure: duk abin keke baƙi, duk abin inji ja. Tibbets ya buga tebur ya ce shawara ta yi. Aka rubuta da alli a ƙofar ɗakin fenti. Gottfrid ya haɗa jajaye sittin da huɗu, kowace ya buga mata kifi.

Ɗa ɗaya gare su, Torsten, shekararsa ashirin da huɗu. Shi ne mai gwada wa kamfani babura, don shi kaɗai ne ba ya tsoronsu. Dogo, bakinsa ba ya rufuwa, kullum warin mai yake. Hulda ba ta barin sa ya shigo ta ƙofar gaba. Sai ya zaga baya ya tuɓe rigar aiki, yana yi yana kiran ta sarauniyar tsabta, tana jifan sa da tsumma.

Ranar Asabar ɗin ta soya musu wainar dankali. Bikin baje amfanin gona ake, kuma a karon farko an ce babura za su yi tseren mil biyar a filin dawaki. Akwai wani babur na Boston da aka ce ya fi na Tibbets sauƙin nauyi, kuma dillalai sun zo daga nesa su ga wanda za su saya. Tibbets ya kulle na tseren a ɗakinsa tun ranar Laraba, wai kada abokan hamayya su leƙa. Hulda ta zuba wa ɗanta kofi tana mita, ta ce duk samarin unguwa suna neman mata shi yana neman karaya.

"Mama, nuna min yarinyar da ke mil talatin a awa, yau ɗin nan in kai gaisuwa gidansu."

"Rufe min baki, ɗan banza. Ci ka tashi."

Gottfrid ya tambaye shi ko ya duba babur ɗin da kyau tunda ba a hannunsa ya kwana ba. Torsten ya cusa sauran wainar a baki ya miƙe.

"Na leƙa na ga ja, na juya na ga kifinka. Me kuma zan duba, Baba?"

Hulda tana tsaye kusa da rumfar matan coci, inda suke sayar da kek, lokacin da aka tashi. Filin duk sawun kekunan dawaki ne, rana ta busar da shi ya yi tauri kamar dutse. Zagaye goma za a yi. Torsten ya wuce na Boston a na huɗu. A na bakwai yana gaba da tazara, ya kwanta a kan babur ɗin, mutane na ta ihun sunansa. Ya zo daidai kwanar da ke gaban rumfar. Hulda ta ga tayar gaba ta tafi harkarta ita kaɗai. Ta ga ɗanta ya bi ta saman hannun babur ya sami turken shinge da kai. Injin ya ci gaba da tari a ƙasa, babu wanda ya tuna ya kashe shi. Da ta iso, wuƙar yanka kek na hannunta, ba ta san tana riƙe da ita ba.

Ranar Talata aka yi zaman bincike a ɗakin da ke saman ofishin 'yan kwana-kwana. Aka ɗora gwafar a kan tebur, gida biyu. Tibbets ya zo da baƙin ƙyalle ɗaure a dantse, idonsa jajir. Ya ce shi ba ya zargin kowa, yaron kamar ɗansa yake. Amma mu a sana'armu, in ji shi, in abu ya karye juyawa ake a duba.

Aka miƙa wa Gottfrid. Tun kafin ya kai ido, hannunsa ya gaya masa. Ya leƙa cikin karayar: bututu ɗaya ne, babu na ciki. Ya juya, ga kifi. Ya goga babban yatsa a kan fentin, ja ne, sabo, mai sheƙi. Hulda tana zaune a bayansa, ta ga wuyansa ya sauya launi. Mutumin nan bai taɓa tunanin wani abu dabam ba. A duniyarsa ja na inji ne, kifi hannunsa ne, kuma ba a ƙarya da tambari. Likitan da ke binciken ya tambaye shi ko aikinsa ne.

"Nawa ne."

Ya tambaye shi me ya sa babu bututun ciki. Gottfrid ya daɗe yana kallon abin da ke hannunsa.

"Na manta," ya ce.

Aka rubuta tsautsayi. Tibbets ya tashi a gaban kowa ya dafa masa kafaɗa, ya ce aikinsa na nan duk ran da ya ji zai iya dawowa. Jarida ta yaba masa. Fasto ya ambace shi a wa'azi, wai ga yadda mai arziki yake tausayin na ƙasa da shi. Ku ji fa.

Gottfrid bai sake tsayawa gaban wuta ba. Ya koma wurin masu yankan ƙanƙara a tafki, lokacin zafi kuma yana ɗora ta a keken doki yana kai wa gidaje. Ranar Lahadi bayan coci sai ya sa ɗan ƙaramin guduma a aljihu ya kama hanya a ƙafa. Duk inda ya ji an sayi jan babur ɗin Tibbets, sai ya je ya cire hula ya roƙi a bar shi ya ƙwanƙwasa gwafar. Mai ninki biyu amonta gajere ne, a toshe. Sai ya kara kunne ya buga, ya sake bugawa, ya yi godiya ya juyo. Wani ya ba shi ruwa, wani ya sako masa kare. A gari aka koma kiran sa Ƙwanƙwasa. Ya samo arba'in da ɗaya a cikin shekara uku, sauran an kai su jihohin da ƙafa ba ta zuwa. Duk wadda ya buga lafiya lau take. Kuna tsammanin hakan ya sanyaya masa rai? Ya gaya wa Hulda cewa ke nan guda ɗaya tak ya manta, kuma ita ya bai wa ɗansa.

Ita ma Hulda tana da nata, kuma ba za a ɓoye shi ba, don ita ba ta ɓoyewa. Ta yarda. Me zai hana ta yarda, tunda da kunnenta ta ji ya amsa? Cikin sanyin shekarar farko, wata rana da azahar, Gottfrid ya tashi zai taimaka mata da tebur, ya jera kofuna uku. Ta tsaya tana kallon na ukun.

"Kofi uku ka tuna," ta ce. "Bututu ɗaya ka manta."

Bai ɗago ba. Ya ɗauke kofin ya mayar kan kanta a hankali, kamar mai tsoron ya yi ƙara. Ranar ta kwashe kayanta ta koma ɗakin Torsten. Ta ci gaba da dafa masa abinci, tana wanke masa riga, tana ɗinke masa safa. Abin da ya wuce gishiri da gawayi ba sa magana a kai. Haka suka zauna shekara biyar da wani abu, gida ɗaya, bango tsakani.

A watan Maris na 1909 ya faɗa tafki har ƙirji, sanyi ya kama masa huhu. Kwana shida ya yi. A na biyar, da hantsi, Hulda ta ga ba tashi zai yi ba, sai zuciyarta ta karye. Ta zauna a bakin gadon ta kama hannun nan mai tabon wuta, ta kira shi Baban Torsten, sunan da rabonta da shi tun ranar sukuwa.

"Na yafe maka," ta ce.

Ya buɗe ido ya dube ta, hawaye ya gangara masa cikin kunne. Ya ce ya gode. Sau biyu ya faɗa.

Bayan an binne shi ta koma wankau. Shekara goma sha takwas tana wanke zannuwan gadon masu kuɗin kan tudu, kamfani kuwa yana ta kumbura. Aka rushe tsohon gini aka yi sabo mai hawa huɗu. Lokacin yaƙi soja suka sayi babura dubu-dubu, tsofaffin gwafun nan na saman bene aka sayar wa masu narka ƙarfe. Duk babur ɗin da ya wuce ta ƙofarta sai ta rufe taga.

Bana, cikin Afrilu, wata sista ta zo daga gidan tsofaffi na 'yan Katolika ta ce wata mai suna Bridie Mulqueen na neman ta. Hulda ta san sunan sama-sama. Bridie ta yi shekara talatin a ɗakin fenti, inda mata ke tsoma ƙarfe su rataye shi a ƙugiya a tura tanda. Ba cocinsu ɗaya ba, ba unguwa ɗaya ba, gaisuwar hanya ce kawai tsakaninsu. Hulda ta je da rana, ta same ta a gado kusa da taga, ta rame ta koma kamar kara, numfashinta na fita da ƙyar saboda fentin da ta shaƙa.

Bridie ta ce ta zauna, Hulda ta ce tsayuwar ma ta isa. Bridie ta ce har yanzu 'yan Suwidin ba su koyi lanƙwasa gwiwa ba. Hulda ta ce 'yan Ayalan kuma ba su koyi zuwa kan magana ba. Sai Bridie ta yi wata 'yar dariya da ta koma tari, da tarin ya lafa ta faɗa.

Ranar Alhamis kafin tseren, ana hutun cin abinci, sauran mata sun fita tsakar gida, Tibbets da kansa ya shigo ɗakin fenti da abu naɗe a buhu. Baƙar gwafa ce, ƙurar bene a jikinta. Ya ce ta kankare ta, ta tsoma ta a ja sau biyu, ta gasa, yana son ta ranar Juma'a da safe. Bridie ta karɓa.

"'Yar'uwa, gwafa ɗari nake ɗagawa a wuni," ta ce. "Ko a makance hannuna ya san ta keke ya san ta inji. Na ce masa, Yallaɓai, wannan ai iska ce, ko rubutun ƙofar ya sauya ne? Ya ce ta ado ce, a taga za a sa. Ya ce kada in cika surutu."

Ta yi yadda aka ce. Ranar Asabar tana filin. Ranar Talata ta ji abin da Gottfrid ya amsa. Hulda ta tambaye ta me ya kama bakinta. Bridie ta ce 'ya'ya shida, gidan kamfani, miji mashayi. Ta ce sau uku tana zuwa har bakin titinsu ta juya. Ta ce akwai Lahadin da ta gan shi durƙushe a gaban shagon aski yana kara kunne a jikin babur ɗin wani, mutane na dariya, ta tsallaka ɗaya gefen.

Hulda ba ta zage ta ba. Ba ta kuma ce mata komai na sanyi ba. Ta ce a kira fada, limamin cocin su Bridie. Fadan ya zo ya rubuta, Bridie ta ja alamar kuros a ƙasa don ita ma, kamar Hulda, ba ta iya rubutu ba. Hulda ta ninke takardar ta cusa a ƙirji. Ta fito titi. Ta zauna a kan matakalar wani kanti, abu ɗaya ke juya mata a kai: ya ce ya gode. Ta yafe wa mutum laifin da bai yi ba, shi kuma ya karɓa da hannu biyu ya tafi da shi kabari.

Bridie ta mutu bayan kwana goma sha ɗaya.

Hulda ta kai takardar gidan jarida. Editan ya karanta ya ce maganar matacciya ce a kan rayayye, ba zai iya ba. Ta kai wa lauya, ya ce shekaru sun yi nisa, kuma ina gwafar? Ta kai wa sabon fasto, yaro ne mai kirki, ya ce su yi addu'a Allah ya ba ta ikon yafiya. Ta ce masa yafiya ta riga ta yi guda, a wurin da bai kamata ba, ba ta da saura.

Sai ta hau tudu. Surukar Tibbets ta buɗe mata ƙofar baya, ta ɗauka wanki ta zo karɓa. Hulda ta ratsa ta cikin kicin da falo har baranda, inda tsohon ke zaune a kujera da bargo a gwiwa yana shan hantsi. Ya haura tamanin, amma idonsa garau. Ya gane ta.

"Maman Torsten. Zauna mana."

"Ban zo zama ba. Bridie Mulqueen ta gaya min abin da ka kai mata a buhu."

Ya ce bai san wata Bridie ba, mata ɗari nawa suka wuce ta ɗakin nan. Ta ce to ta tuna masa, ta faɗa masa ranar, da lokacin, da abin da ya ce game da taga. Ya juya yana kallon bututun hayaƙin masana'antarsa can ƙasa. Ya fara wani dogon zance, wai a zamanin nan babu wanda ya san abin da ƙarfe zai ɗauka, kowa lalube yake, na Faransa na lalube, na Jamus na lalube, mutane da yawa sun mutu kafin abin ya tsaya da ƙafarsa. Wai da bai ci kasuwar ranar ba da an rufe masana'anta, gida ɗari biyu sun rasa abinci.

"Gottfrid ba lalube yake ba," ta ce. "Ya sani, ya kuma gaya maka, hularsa a hannu."

Ya gyara bargon a gwiwarsa.

"Mil biyar ne kacal," ya ce, can ƙasa. "Na cire wa babur ɗin duk abin da zai ciru, har yanzu na Boston ya fi shi sauƙi. Na ɗauka gwafar za ta kai mil biyar."

"Ka ɗauka."

"Na ɗauka."

"To da aka miƙa wa mijina ita a gabanka, ya ce ya manta, a nan me ka ɗauka?"

Ta ce ba ta son a ɗaure shi, ya tsufa ga ɗauri. Ba ta son komai na gidansa. Ya zo coci ranar Lahadi, ko ya aika jarida, ko ya tsaya a ƙofar masana'anta lokacin da ma'aikata ke fitowa, ya ce Gottfrid Ekwall bai manta ba. Kalma biyar. Sai ya ce wa zai amfana, waɗanda abin ya shafa ai sun tafi. Ya ce akwai sabon zauren taro da kamfani ke ginawa, zai sa a yi babbar taga ta gilashi mai launi da sunan Torsten.

"Allah ya isa," ta ce. "Har yanzu fenti kake shafawa."

Surukar ta kira direba ya kama ta a dantse ya raka ta ƙofa. Kafin mako ya zagayo, magana ta bazu a gari cewa tsohuwar Ekwall ta fara ruɗewa, ta je ta tayar wa bawan Allah hankali a gidansa. An cire mata wankin gida uku.

Ta je maƙabarta. Ta tsaya a kan Gottfrid ta gaya masa da harshensu na gida, tiryan-tiryan, tun daga buhun har barandar. Ta ce masa sittin da huɗu ya yi, sittin da huɗu kuma lafiya suke. Ta ce ta janye abin da ta faɗa a kan tebur, ta janye wanda ta faɗa a bakin gado ma, ita ce mai neman a yafe mata. Ta jira. Ciyawa ce kawai da iska. Mutumin da ya kamata ya ji ba zai ji ba, ta san haka, ba mahaukaciya ba ce. Amma a garin nan akwai jikokin waɗanda suka kira shi Ƙwanƙwasa, kuma har gobe in sabon ma'aikaci ya yi sakaci a masana'antar nan, tsofaffin sukan ce masa kada ya yi irin ta Ekwall. Su suna da kunne.

Shekararta saba'in da uku, ƙafarta na kumburi, ba ta da ɗa ba ta da jika da zai ɗauki maganar bayanta. 'Yan majalisa za su zauna ranar Litinin kan batun titi, kuma za ta je, ta zauna a layin gaba da takardarta da ba ta iya karantawa. Amasa Tibbets yana da rai, yana da baki, motarsa na da taya huɗu. A aika a ɗauko shi daga barandar nan. A tsayar da shi a gaban mutane yadda aka tsayar da Gottfrid, a tambaye shi wa ya hau bene ranar Alhamis, me ya sauko da shi, me ya sa ya yi shiru ranar Talata. Ya amsa da bakinsa, da ƙarfi, yadda na layin baya za su ji.